Fiffiken da Na Ƙera wa Motar Yaya

'Yata ta rasu kwana tara bayan Babbar Salla, lokacin da alhazai ke ɗaure kaya suna barin gari. Shekararta uku da 'yan watanni. Zazzaɓi ne da gudawa, irin wanda yakan bi lungunan unguwarmu ta Hindawiyya a Makka bayan aikin Hajji. Ni na ɗauke ta a hannu zuwa Harami aka yi mata salla, ni kuma na sa ta a rami. Da na dawo gida na wanke hannu na ci shinkafa, har na nemi ƙari.

Masu zuwa gaisuwa suka yi ta yabon haƙurina. Ni na san ba haƙuri ba ne. Mai haƙuri yana jin ciwon ne ya danne, ni kuwa ban sami abin da zan danne ba. Na zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ka mintsine ta ka ga fata ta motsa amma ba ka ji. Matata ta yi kuka har muryarta ta dishe, daga nan ta yi shiru, ta koma zama a gindin bango tana kallon ƙofa. Ni kuma kwana uku da rasuwar na buɗe wurin aikina.

A tsakiyar shekarun 1960 ne, ina da shekara talatin da 'yan kai. Sana'ata gyaran jikin mota idan ta lotsa, abin da mutanen Makka ke kira samkari. Ina da 'yar rumfar kwano a bakin hanyar da ta nufi unguwar Rusaifa, da tukunyar walda da guduma kala-kala. Iyayenmu daga ƙasar Kano suka taso, suka yi shekaru a hanyar Makka suna noma suna matsawa. Ni a Sudan aka haife ni. Yayana kuwa, wanda ya girme ni da shekara takwas, yana iya tuna gida kaɗan-kaɗan. Direban tasi ne tsakanin Makka da Jidda, ƙaton mutum mai faɗin murya, in yana dariya a bakin layi ana ji daga cikin ɗaki.

Juma'a ta huɗu bayan rasuwar, da aka yi la'asar, ya tsaya da mota a ƙofar gidana ya danna ham.

"Yalla, maza fito," in ji shi.

"Ina za mu, Yaya?"

"Inda za ka ji tsoro. Tun da ba ka jin komai, tsoron ma wani abu ne."

A wancan zamanin gidaje ba su kai can bayan Rusaifa ba. Akwai wani fako mai faɗi tsakanin baƙaƙen duwatsu, ƙasarsa a daddaɓe, da 'yar tsakuwa a sama. Nan direbobi da makanikai suke haɗuwa duk Juma'a da yamma su yi tsere da tsofaffin motocin da suka daina aiki da su. Ba su fi mota goma sha biyu ba. Babu kyauta, wanda ya zo ƙarshe shi zai dafa wa kowa shayi. Sun jera gangunan mai da suka huje don nuna hanya: a miƙe ta yi nisa sosai, sannan ta shiga wata doguwar kwana da ta zagaye gindin tsauni ta dawo. Laffa suke ce wa kwanar. Ta wajenta akwai busasshen kwari cike da manyan duwatsu da ambaliya ta tara.

Motar tseren Yaya tsohuwar ƙirar Amurka ce, doguwa, mai ƙaton inji. Ya cire kujerar baya da duk abin da zai ciru. Ya sa ni a gefensa ya taka totur. A miƙen hanya ƙarfe yana ta kakkarwa, zafin inji yana dukan ƙafata. Da muka shiga laffa sai bayan motar ya fara zamewa waje, kamar yana so ya wuce gabanta. Yaya yana kokawa da sitiyari yana ihu yana dariya, duwatsun kwarin suna wucewa dab da tagata. Da muka tsaya ya juyo yana haki.

"To? Ka ji?"

"Na ji tsakuwa tana dukan ƙarƙashin but," na ce. "Tayoyin baya ba sa riƙe ƙasa."

Ya kalle ni, sannan ya tofar da yawu ta taga.

Ranar na tsaya na kalli tseren. Akwai wani saurayi Balarabe ɗan Hadaramaut, ɗan mai kantin yadi, da 'yar ƙaramar motarsa ƙirar Turai. A miƙen hanya Yaya yakan bar shi a baya kamar yana tsaye. Amma kafin laffa dole Yaya ya taka birki da ƙarfi, shi kuwa saurayin sai ya bi ta ciki sumul ya fita gaba. Haka aka yi sau uku. Masu manyan motoci duk buhun yashi suke sa wa a but don ya danne tayoyin baya. Yaya ma yana da biyu. Na lura buhun yana taimako yana kuma cutarwa. Yana danne taya, gaskiya, amma yana rage gudu, kuma idan aka shiga kwana shi ma nauyi ne da yake jan motar waje.

Na koma gida da wannan a kaina. Shi ne abu na farko da ya zauna mini a kai tun ranar da na dawo daga maƙabarta. Ba daɗi na ji ba, kuma ba sha'awa ba ce. Wuri ne dai da tunani zai iya tsayawa ba tare da ya taɓa komai ba.

Bayan kamar kwana goma na je Jidda na sayo murfin injin wata mota a wurin masu kayan gwangwan. A bayan a-kori-kura na zauna, na ɗora murfin a cinya ina riƙe da shi don kada iska ta kwashe. Direban mai gudu ne. Duk sanda bakin murfin na gaba ya ɗaga, sai ya nemi ya tashi da ni. Da na karkata bakin ƙasa, bayan ya ɗaga, sai na ji kamar wani ƙato ya zauna mini a cinya. Direban ya rage gudu a wani ƙauye, nauyin ya tafi. Ya ƙara gudu, nauyin ya dawo. Tun daga nan har Makka ina ta karkata murfin ina saurarar ƙafafuna. Da na sauka cinyoyina sun yi shati.

Washegari na faɗa wa Yaya.

"Iska za ta iya yin aikin buhun yashi," na ce. "Tana dannewa, amma ba ta da jikin da za ka ja, ba ta kuma jan ka waje a kwana. Fiffiken jirgi ɗagawa yake. In ka kifa shi, dannewa zai yi."

"Kai ka taɓa shiga jirgi?"

"Ban taɓa ba."

"To ƙera mu gani," in ji shi. Ina jin da cewa na yi zan ɗaura wa motar kan raƙumi, haka zai ce. Shi dai ya ga ina magana.

Mako biyu na yi a kansa. Na yanko rufin wata matacciyar mota, na buga shi a kan kututture har ya yi ɗan lanƙwasa kamar bayan cokali. Faɗinsa ya kai faɗin motar, zurfinsa kamar kamu uku. Na yi masa ƙafafu biyu da bututun ruwa, na huda but na ɗaure su a jikin ƙashin motar. Na bar noti a kowane gefe, yadda za a iya ƙara masa karkata ko a rage. Don in san ko yana aiki, na shafa wa wani gwangwani baƙin fitila na kafe shi a jikin motar ta ƙasa, na ɗaura ƙusa a kan ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Idan jikin motar ya sauka, ƙusar za ta ja zane a baƙin.

Muka fita fakon ran Talata da sassafe, mu biyu kawai. A ƙaramin gudu zanen bai nuna komai ba sai tsalle-tsallen hanya. Da Yaya ya ƙure totur, muka tsaya na shiga ƙarƙashi na duba, sai ga zanen ya yi sama da kusan faɗin yatsa biyu. Na ɗora buhun yashi a but ina gwadawa, sai da na sa na biyu kafin ƙusar ta kai wurin.

"Abin da ya rage a wurinka yake, Yaya," na ce. "In ka taka birki kamar yadda ka saba, fiffiken ba shi da amfani. Sai da gudu yake dannewa. Ka shiga laffa da gudun da zuciyarka ba ta so."

"Wato in ƙara gudu don kada in zame."

"Haka ne."

"La haula," in ji shi, ya yi dariya, amma gajeriya.

Ya gwada sau biyar kafin ƙafarsa ta yarda. A na shida ya ɗan shafi birki kawai ya saki, motar ta bi laffa kamar an ɗaure ta da igiya a jikin tsaunin. Ya fito ya rungume ni ya ɗaga ni sama. Ni hankalina yana kan wata walda da na ga kamar ta yi siriri.

A gida kuwa ba abin da ya canja. Wata rana da hantsi na dawo ɗaukar abinci, na zauna a tabarma ina zana karkatar fiffiken da gawayi a bayan kwali. Matata ta fito daga ɗaki da ƙunshin kayan yarinyar, riguna uku da ɗan mayafi.

"Malam, maƙwabciya ta ce in ba 'yarta. In bayar?"

"Ki bayar mana. Za su yi mata."

Ta tsaya a kaina. Na ci gaba da zane.

"Ko sau ɗaya ba ka ambaci sunanta ba," in ji ta.

Na ɗago kai na nemi abin da zan ce. Na san abin da ya kamata miji ya faɗa, kalmomin suna nan a jere, amma na ji in na faɗe su ƙarya zan yi mata. Sai na ce, "Allah Ya ji ƙanta." Ta koma ɗaki da ƙunshin. Ban san ko ta bayar ba.

Ranar Juma'a da muka isa fakon, mutane suka kewaye motar suna dariya. Wani ya ce Yaya ya zo da teburin cin abinci. Wani ya tambaya ko inuwa aka yi wa but. Saurayin nan ɗan Hadaramaut shi kaɗai bai yi dariya ba, ya zagaya ya shafa ƙasan fiffiken da tafin hannu, ya dube ni. Aka tashi. Yaya ya shiga laffa ba tare da fitilar birki ta kama ba, ya fito da tazarar mota biyar. Waɗanda suka yi dariya suka yi ta ihu suna jefa hula sama. Aka kawo mini shayi har inda nake zaune. Na sha. Sukarin ya yi yawa.

Ya ci Juma'ar da ta biyo, ya kuma ci ta bayanta. Kafin nan mutum biyu sun ɗaura allunan katako a bayan motocinsu, na ɗaya ya karye tun a miƙen hanya. Saurayin kuma ya sake tayoyi, ya fara matsowa kusa.

A hanyar komawa gida bayan cin na uku Yaya ya ce, "Akwai abu ɗaya. In na ƙure gudu, sitiyarin yana yin sako-sako. Kamar ina juya faranti."

Nan take na gane. Fiffiken yana can bayan tayoyin baya. Kamar mutum ne ya zauna a ƙarshen benci, ɗaya ƙarshen sai ya ɗaga. Duk abin da na ƙara wa tayoyin baya, wani kaso daga na gaba na ɗebo shi, ga kuma iskar da ke shiga ƙarƙashin hancin motar tana ƙara ɗaga shi. Na ce masa zan ƙera wani ɗan leɓe na ƙarfe in sa a ƙarƙashin bambar gaba, ya tare iskar. Na yanka ƙarfen ran Asabar. Sai aka kawo mini wata babbar mota da ta yi karo, na jingine shi a bango.

Juma'a ta zo, leɓen yana jingine. Yaya ya biyo ta rumfa kafin mu wuce.

"Yaron nan ya kusa kama ni," in ji shi. "Ƙara wa fiffiken karkata."

"Gaba zai ƙara sakewa. Ban gama na gaban ba."

"Na saba da shi. Ƙara kaɗan."

Na ɗauki sufana na juya kowane noti sau huɗu. Na sha tunanin wannan a shekarun da suka biyo. Ba mantuwa na yi ba, ba kuma jahilci ba ne, don na fi kowa sanin abin da zai iya faruwa. Na gan shi a kaina sarai, motar da kwarin da duwatsun. Amma ganin bai zo da faɗuwar gaba ba. Da a shekarar da ta wuce ne, da hannuna ya ƙi.

A zagaye na biyu abin ya faru. Ina tsaye a kan wani dutse ina hango laffa gaba ɗaya. Yaya ya shigo da gudun da bai taɓa shigowa da shi ba, saurayin yana bayansa. Na ga tayoyin gaba sun karkata hagu, na gan su da idona, amma motar ba ta bi su ba. Bayanta ya kafe a ƙasa daram, gabanta yana shafar tsakuwa kawai, ta tafi a miƙe. Ta ture ganga biyu ta faɗa kwarin. Ƙarar ba ta kai yadda na zata ba.

Kowa ya ruga. Ni na sauko daga dutsen na taka a hankali. Da na isa, mutane sun taru a ƙofar direba suna ta salati suna jan ƙarfe. Hancin motar ya shige tsakanin duwatsu biyu, ruwa yana tsiyaya. Ni ta baya na bi. Fiffiken yana nan tsaye, ko lanƙwasa bai yi ba. Na sa yatsa na bi waldar da nake shakka, na ga ta riƙe. Sai da na gama wannan na ji muryar Yaya yana kiran sunana, na zagaya.

Injin ya turo ciki ya matse masa ƙafar dama. Ni na san inda za a sa ƙarfe a banƙare, don aikina ne. Na nuna musu, muka banƙare, muka zaro shi. Saurayin nan ne ya kwantar da shi a motarsa ya kai shi asibiti, yana tuƙi yana kuka. Ni ina baya na riƙe kan Yaya a cinyata, jininsa yana jiƙa mini tufafi, ina lura da yadda ƙaramar motar ke ɗaukar kwana.

Ƙafar ta karye wuri biyu, ƙugu ma ya tsage. Wata uku ya yi a kwance. 'Yan sanda suka je fakon suka kwashe gangunan, suka ce duk wanda aka sake gani a wurin zai kwana a hannunsu. Tseren bai sake dawowa ba.

Ranar da ya fara iya zama, na je da abincin da matata ta dafa masa. Na jira matarsa ta fita alwala, na ce, "Yaya, na san gaban zai sake. Na sani kafin in juya notin."

"Ai ka faɗa."

"Na faɗa, amma na juya."

Ya ɗaga kai ya kalli silin. Ya rame, muryar ma ta ragu.

"Ni na taka totur, ba kai ba," in ji shi. "Amma ka faɗa mini ne kamar mai faɗin ƙarfe nawa. Da ka ɗaga murya, da ka jefar da sufanar, wallahi da na tsaya." Ya gyara zama da ƙyar. "Ni na kai ka wurin. Na ce ko za ka farka. Miƙo mini ruwa."

Na miƙa masa.

Da na koma gida matata ta karɓi kwanukan ta tambayi jikinsa. Na ce da sauƙi. Tana wanke su ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Shi ka yi masa kuka?"

"A'a."

"To," in ji ta. Can kuma ta ce, "Akwai sauran miya, in za ka ci." Na zauna kusa da ita a bakin murhu na ci. Wannan karon ba ta tashi ta shiga ɗaki ba.

Yaya bai sake tuƙin haya ba, ƙafar ba ta iya jure taka birki daga Makka zuwa Jidda. Kusan shekara guda ni nake jan tasinsa da safe saboda iyalinsa, in buɗe rumfa da rana. Fasinjoji suna ƙorafin ba na gudu. Ba tsoro ne ya hana ni ba, na dai daina yarda da kaina ne, sai na riƙa bin allurar gudu kamar yadda ake bin umarnin likita. Abin da ya toshe a cikina bai buɗe rana ɗaya ba. A hankali ya riƙa sakewa, har ban san lokacin ba, kuma ban tabbata ya sake duka ba. Bayan shekara biyu muka sami ɗa namiji.

Shi kuwa Yaya ya buɗe ɗan shagon kayan gyaran mota a unguwar Shisha, yana zaune a kan kujera da sandarsa a gefe. Dariyar ta dawo, ko da yake ba ta kai ta da ba. Duk direban da ya zauna shan shayi sai ya ba shi labarin motar. A bakinsa fiffiken yana ƙara faɗi kowace shekara, kwarin kuma yana ƙara zurfi. Bai taɓa sa maganar notin a ciki ba. In na je na tarar yana bayarwa, masu sauraro sukan juyo su tambaye ni ko da gaske ne ya ci tseren har sau uku a jere. Sai in ce da gaske ne, Juma'a uku.